'Ya'yan Kazar Kaka

Gidanmu na unguwar Alabar a Kumasi gidan haya ne, ɗakuna sun kewaye tsakar gida, kuma samanmu ita ce 'yar abin da ya rage tsakanin kwanon rufi da igiyoyin shanya. Ita ma ba kullum ake ganinta ba, fitilun titi da na masu shaguna sun cinye ta. Sai ranar da aka ɗauke wuta. Manya na tsaki, mu yara muna tsalle, don mun san yau Kaka za ta yi tatsuniya.

Kaka ita ta haifi Mamana. Koko take sayarwa a bakin masallaci, shi ya sa Asantawan unguwa ke ce mata Maame Koko. Daga wani ƙauye na Nijar ta biyo mijinta Kumasi, ba ta kuma sake taka garinsu ba. Bayan isha'i takan zauna gaban kurfotin gawayi, ruwa na tafasa, tana ɓare cittar kokon gobe da farce. Sai ta ƙwanƙwasa ludayi a jikin bokiti ta ce, "Masu kunne su matso, marasa kunne su je su kwanta." Mu ruga, har da 'ya'yan maƙwabta waɗanda Hausarsu rabi Twi ce.

Idan damina ta ɗauke, tatsuniyar kaza take yi mana. Wai wata kaza ce mai 'ya'ya bakwai, shaho ya sa mata ido. Ta ɓoye su a bayan turmi, ya gano su. Ta kai su ƙarƙashin rumbu, ya yi ta shawagi a kai. Ran nan ta ce, tunda ƙasa ta ƙi mu, mu hau inda shaho bai kai ba. Suka hau danga, daga danga suka hau kuka, daga kuka kowa ya buɗe fiffike. Shida suka tashi. Auta kuwa gashinta bai gama fitowa ba, ta tsaya a reshe tana kuka. Uwar ta juyo, ta cusa ta a ƙarƙashin fiffikenta, ta tashi da ita a karkace, da ƙyar, har suka isa.

"Shi ya sa Auta ba ta haske sosai," in ji Kaka. "Leƙe take yi." Daga nan sai ta ɗaga haɓa wajen gabas. "Ga su can. Ku ƙirga mini, nawa ne yau?"

Mu ɗaga kai, mu nemo 'yan taurarin nan da suka cure wuri ɗaya, waɗanda ake kira Kaza da 'Ya'yanta. Wani ya ce biyar, wani ya ce shida. Kaka ta girgiza kai.

"Bakwai ne. Ku dai ba ku iya kallo ba."

Ni kuwa a lokacin ina da shekara goma, ina zuwa ta ɗaya a aji, ga baki kamar reza. Wani dare na ƙirga sau uku, na miƙe tsaye a gaban kowa na ce, "Kaka, shida ne. Kullum shida ne. Ƙarya kike mana."

Mama ta riga ta ciro silifa, Kaka ta riƙe mata hannu.

"Bar ta. Ƙawata ta yi boko."

Ta yi 'yar dariya, ta ci gaba da ɓare cittarta. Amma daga ranar ba ta ƙara yin tatsuniyar kaza ba, ko an roƙe ta. Bayan shekara biyu Allah Ya karɓi abinsa, ban ba ta haƙuri ba. Girman kai ne ya hana ni, sannan kuma a zuciyata ina ganin ni ce mai gaskiya. Wannan abu ya daɗe yana cina, wallahi.

Yanzu malamar kimiyya ce ni. Mu huɗu ne abokai masu haukar taurari, mun haɗa kai mun mallaki madubin hangen nesa guda ɗaya. Idan an yi hutu sai mu naɗe shi da bargo, mu sa a bayan mota, mu yi arewa, inda dare yake dare, mu nuna wa 'yan makarantun ƙauye abin da ke kansu. Bara muka sauka wani ƙauye gaba da garin Bolga, a daren da babu wata. Yara suka yi layi a filin ƙwallo, kowa ya leƙa ya ga duniyar nan mai zobe ya yi ihu, wata yarinya ma ta zagaya gaban madubin tana neman hoton da take zaton mun liƙa.

Da layin ya lafa na koma gefe, na ɗaga kai da idona kawai. Kai! Ban taɓa ganin kazar haka ba, kamar an wanke ta. Na ƙirga shida. Sai na ɗan kau da ido gefe, yadda muke koya wa yara idan tauraro ya yi dushi-dushi, sai ga ta bakwai a manne da 'yar'uwarta. Na zauna daɓas a ƙasa. Abokaina suka zaci kunama ce ta harbe ni.

Gari na wayewa na hau tudu inda waya ke kamawa, na kira Mama.

"Mama, bakwai ne. Na gan su da idona. Kaka ce mai gaskiya."

Ta ce, "Ei, Rabi, sai yanzu? Ai a lokacin yanar ido ta riga ta rufe mata gani. Ko wutar kurfotin ma inuwa-inuwa take gani. Ita ta hana mu gaya muku."

"To ta yaya ta san bakwai ne?"

"Bakwai ta baro a garinsu. Tambayar da take muku, so take ta ji ko kazar tana nan."

Na sauke wayar daga kunnena, na zauna a kan tudun. Mama ta yi ta kiran sunana, tana zaton wayar ce ta yanke.

Da, na ɗauka darasin tatsuniyar shi ne uwa ba ta barin ɗanta a reshe. Daga baya na ɗauka maganar wanda ya fi wani iya ƙirge ce. Ashe tsohuwa ce ta ari idanunmu, ni kuma na fizge nawa a gaban mutane. Ko da an mayar da ni daren nan, ba zan ce mata bakwai don in faranta mata ba, don Kaka ba ta son a yi mata wayo. Zan dai matsa kusa da ita, in kama hannunta mai ƙamshin citta in ɗaga shi sama, in nuna mata inda kowanne yake, ɗaya bayan ɗaya. Allah Ya jiƙan Kaka, Ya sa ta yafe mini.