Yadda Labarin Sarki Sulaimanu Ya Sa Ni Girki

Shekarun baya, farkon zuwana Doha, na sha wahala. Ba zafin rana ba, ba tuƙi ba. Tukunya ce ta wahalar da ni.

Mu shida ne a ɗaki ɗaya a unguwar Mansura, kowa da ranar girkinsa da wanke-wanke. Ni na ce ba da ni ba. A gida ni ne shugaban direbobin tasharmu, ko butar alwala ban ɗauka da kaina, sai in zo ƙasar mutane ina yanka albasa? Duk ranar girkina sai in ce cikina na ciwo, ko in ce kafil, wato ubangidana na wurin aiki, ya riƙe ni. Amma in an sauke, ni ne farkon wanke hannu.

Babban ɗakinmu mutumin Zangon Kumasi ne, mai gadi a filin jirgi, da sunansa aka kama ɗakin. Wata Laraba ya ce min, ba faɗa ba hayaniya, in Juma'a ta wuce ban ɗora tukunya ba in nemi wani gadon, akwai mai jira. Khalas, magana ta ƙare. Ni kuwa ba ni da wurin zuwa.

Lokacin ina tuƙa wani dattijo Bahaushen Sudan, malamin tarihi, daga unguwar Ain Khaled zuwa wurin aikinsa. Ya ga na ɗaure fuska, ya tambaya, na zayyana masa komai har da irin gaisuwar da ake min a tasha. Sai ya ce Yahudawa suna da wani labari a littattafansu kan Sulaimanu, wanda mu muke kira Annabi, su suke ce masa sarki. Wai wani babban aljani ya yaudare shi ya karɓe zobensa, ya jefa shi wata ƙasa mai nisa, ya hau gadonsa da kamanninsa. Sarki ya yi ta yawo gari-gari yana cewa shi ne mai mulkin Ƙudus, ana masa dariya, har ya kama aiki a kicin ɗin wani sarki. Daga baya aka tsinci zoben a cikin kifi, ya koma kan mulkinsa.

Ni dai ban ji wannan wurin malamanmu ba, kuma karatuna bai yi nisa ba, Allah ne masani. Amma labarin ya min daɗi, don na ɗauka da ni ake. Ni ne sarkin da ba a gane ba.

Ranar Alhamis bayan Magariba, ana cin shinkafa, na gyara murya na ba su labarin. Na daɗe a wurin da ake wa sarki dariya, ina kallonsu ɗaya bayan ɗaya. Zancen kicin kuwa na tsallake shi.

Babban ɗaki ya lashe yatsa ya ce, "To Ciyaman, kafin zoben ya dawo, me yake ci?"

Na ce abinci mana.

"Wa ke ba shi? Mutum ba gida, ba kafil."

Ƙarya a kan ciwon ciki na iya, amma a kan Annabin Allah bakina bai ɗauka ba. Na ce wai aiki ya kama. Ya ce wane aiki. Na kalli kwano na ce girki.

Wani har ya ƙware don dariya, sai da aka ba shi ruwa. Babban ɗaki bai yi dariya ba. Ya ce, "Mai iko da iska da aljanu ya ɗora tukunya. Kai mai iko da kwandastoci, yalla, ci abincinka, gobe Juma'a."

Har yau in na tuna, ba dariyar ce ke damuna ba. Ni na ɗauko labarin nan da kaina tun daga Ain Khaled, ba wanda ya aike ni. Kuma na lura, duk wanda ya zo nan yana yawan cewa shi wani ne a gida, akwai aikin da yake gudu. A kaina na fara gani.

Washegari da na idar da Asuba ban koma gado ba. Na kira matata a waya, na ce ta yi magana a hankali, kuma kada ta faɗa wa kowa, ruwa kofi nawa ake zuba wa shinkafa.