Takardar da ke Cikin Kwali

Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, kuma duk wanda ya taɓa zama a ajina a Gure ya san abin da ke tayar mini da jijiyar wuya: a ba ka takarda, ka hau rubutu ba ka karanta abin da aka tambaye ka ba. Na sha buga tebur a kan wannan har alli ya faɗi ƙasa. A unguwarmu ma ni ce idon mata. Takardar likita ce, wasiƙa ce, ko wani rubutun Faransanci a jikin gwangwani, sai ka ji an ce a kai wa Madam. Ina kuwa jin daɗin abin, ba zan ɓoye ba.

Sai dai wannan Madam ɗin, idan Sallar layya ta rage sati biyu, hankalinta barin jikinta yake yi. Tela ya ce gobe, goben ba ta zuwa. Mai kitso ta ɗauki kawuna goma kafin nawa. Ga lalle, ga labulen da na rantse sai na sake, ga ragon da ke cinye mini igiyar shanya. Inna takan zauna a gindin bishiyar bedi tana kallona ina kai-komo ina masifa, ta ce, "Sallah dai biki ɗaya rana, ke kuwa kin mai da ita yaƙi."

A cikin irin wannan rububin ne wata mai butik da nake sayen turare a wajenta ta koya mini haɗin man hasken fata. A sami babban gwangwanin man shafawa, a matse masa tib biyu na wani farin mai, a juya da cokali har ya haɗe. "Sati ɗaya kawai, Madam," in ji ta, "ranar idi sai an tambaye ki." Aka kuwa tambaye ni. Kowane tib yana zuwa a cikin ɗan kwali, da wata takarda a ninke mai ƙananan rubutu kamar ƙafar kiyashi. Nakan yage kwalin, in cusa shi da takardar a murhu, don suna saurin kama wuta. Da Sallah ta wuce nakan watsar da shafawar, ba don wayo ba, ƙiwuya ce kawai ta cece ni.

Ƙanwata ita ce autarmu, ni na goye ta, tana aure a Kelle. Ta zo Sallah a shekarar, ta ga ina sheƙi, ta ce ita ma. Na ɗura mata a gwangwani ta tafi da shi. Bayan wata biyu ta kira ni ta ce idan ta kwana biyu ba ta shafa ba sai ƙuraje su feso mata, ga ƙaiƙayi. Na amsa mata da muryar aji, "Jikinki ne ya saba, ci gaba da shafawa." Daga nan duk sanda ya ƙare sai in haɗa in ba motar kasuwa ta kai mata. Shekara uku muna haka. Fuskarta ta yi fam, jijiyoyi suka fito kore a hannunta, nankarwa ta zana mata damtse, mu kuwa muna tsokanarta wai mijinta ya iya kiwo. Inna kaɗai ke gunaguni. Ita tun tasowarta man shanu take shafawa, ni kuwa ina yi mata dariya ina cewa ƙamshin ƙwaryar nono take yi.

A wajenmu idan an yanka rago an feɗe, banƙare shi ake yi a kan sanduna, a jingina shi da na maƙwabta kewaye da wuta a ƙofar gida, ya yini yana gasuwa. Sai washegari a sauke, a yanyanka, a raba, a soya saura. A Sallar da nake ba da labari, da hantsin rana ta biyu, ni da ƙanwata muka kama namu ragon za mu kwantar a kan tabarma. Ina ta azalzalarta, don mai yana kan wuta kuma baƙi sun fara sallama. Bakin sanda ya ɗan goge ta a hannu, tsakanin gwiwa da wuyan hannu. Irin gogar da ko yaro ba zai yi kuka a kanta ba.

Fatar ta buɗe. Ba yanka ba ne, salewa ta yi ta naɗe gefe kamar takardar da ta jiƙe, tsawon tafin hannuna. Na tsaya da ƙafar rago a hannu ina kallo. Ita kanta ba ta yi ihu ba, kallon hannun kawai take yi kamar na wata. Inna ce ta fizge ɗankwalinta ta ɗaure wajen, ta daka mini tsawa in nemo abin hawa.

A gidan likita muka tarar da majo, wato babbar malamar jinya, wata dattijuwa mai tabarau da Sallah ta ritsa da ita a bakin aiki. Ta wanke ciwon, ta yi allurar kashe zafi, ta soma ɗinki. Ina tsaye ina gani. Ta soka, ta ja zare, zaren ya tsaga fatar ya fito. Ta matsa gaba kaɗan ta sake, ya sake tsagawa. A karo na uku ta ajiye almakashi, ta zare tabarau.

"Me take shafawa?"

Wallahi har a lokacin ban gane ba. Na gyara mayafi na ce, "Man gyaran jiki ne kawai. Ni da kaina nake haɗa mata, ba na kasuwa ba ne."

"Je ki kawo mini abin da kike zubawa. Da kwalinsa."

Na hau kabu-kabu na koma gida. Akwai tib ɗaya da ban fasa kwalinsa ba, wanda na tanada don haɗin da za ta tafi da shi Kelle. Majo ta buɗe kwalin, ko tib ɗin ba ta kalla ba, ta zaro takardar ta warware ta miƙo mini.

"An ce ke malama ce. Karanta mana, ki fassara, ita ma ta ji."

Na karanta. Faransanci ne mai sauƙi, ɗan aji shida ma zai gane. Magani ne na ciwon fata mai tsanani, ba man kwalliya ba. Sai da izinin likita. A shafa kaɗan a kan ciwon kawai, na 'yan kwanaki. Kada a sa a fuska, kada a game jiki da shi. Idan aka daɗe ana shafawa yana sirantar da fata, yana kawo nankarwa, yana kumbura fuska, yana hana ciwo warkewa. Duk abin da muka yi shekara uku muna kira hutu, ga shi a jere, layi bayan layi. Tsoro ya kama ni, kunya kuwa ta fi tsoron, don na tuna yawan irin takardar nan da na hura wuta da su.

Majo ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni da na fi jin sauƙi. Ta haɗe bakin ciwon da filasta ta naɗe, ta ce ɗinki ba zai kama ba, sai dai ya cike da kansa. Ta ce kuma kada a yanke shafawar rana ɗaya, jikin ya riga ya dogara da maganin, za ta tsara yadda za a janye a hankali. "Duk abin da za ki sa wa fata," in ji ta, "in ba a rubuta abin da ke ciki ba, bar shi. In an rubuta, karanta."

Naman shekarar maƙwabta ne suka soya mana. Sabuwar shaddar da na kusa cin tela ɗanye a kanta tana rataye, ban ko tuna da ita ba. Ƙanwata ta yi wata biyu a gidanmu, kullum ina raka ta wankin ciwo. Ƙuraje suka yi mata caa, ta yi baƙi fiye da yadda Allah ya halicce ta, wani wajen duhu wani wajen haske, har ta daina leƙa ƙofar gida. Inna ce ke shafa mata man shanu da yatsa biyu, a hankali, ban kuwa sake yin zancen ƙwaryar nono ba. Tun daga shekarar na rage wa Sallah hidima. In tela ya gama, to. In bai gama ba, in sa na bara. Labulen ɗakina har yau shi ne na wancan lokacin.

Ana gobe za ta koma Kelle, muna zaune a tsakar gida da la'asar ina naɗe mata hannu. Tabon ya yi faɗi, yana ƙyalli, majo ta ce haka zai zauna. Duk tsawon jinyar ba ta taɓa ce mini uffan a kan haɗin ba, wannan shirun kuwa ya ishe ni. Har na ɗan ji haushi, irin haushin mara gaskiya. Na ce, "Ke ma dai, shekara uku kina shafa abu, ko sau ɗaya ba ki tambayi mene ne a ciki ba?"

Ta ɗago kai ta dube ni, babu faɗa a fuskarta, sai mamakin tambayar.

"Yaya, wa zan tambaya? Ai ke ce kika iya karatu."