Ƙwaryar Inna Dije da na huda

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa, don karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in faɗi abin da ba haka ya faru ba. Amma abin ya ƙi barin raina.

Wata Laraba da hantsi, a ranin 1984, zamanin soja, na saki rediyon Baba daga kan jaki a hanyar rijiya a garinmu Hawandawaki. Akwatinsa ya tarwatse. Cikinsa bai mutu ba, sai dai lasifikar da ta rage tsirara tana magana siriri kamar sauro. Da wannan rediyo unguwarmu take jin ranar da za a raba hatsin taimako, kuma Kaka mai nauyin kunne shi ne mai zuwa karɓo mana. Baba bai buge ni ba. Cewa kawai ya yi, "Kai ka tuɓe masa riga, kai za ka ɗinka masa wata."

Na gwada gwangwanin madara, ya yi ta ƙarar kwano. Na gwada bakin tulu, Innarmu ta kore ni da muciya. A bayan danganmu kuwa akwai Fulani da suka sauka bayan shanunsu sun ƙare, sai na je wurin uwar gidan, Inna Dije, na roƙi aron babbar ƙwaryarta ta nono mai zane. Ta miƙo mini ba tambaya. Ban gaya mata hudawa zan yi ba. Na zana da'ira a gindinta da gawayi, na yanke da wuƙar Baba, na zaunar da lasifikar, na liƙe gefen da ƙaro, na cusa auduga a ciki, na rufe bakin da faifai. Da muka sa pil, wato batir, murya ta fito da kauri har Kaka ya ce, "Wane ne ya shigo?"

Da la'asar Inna Dije ta leƙo jin labarai. Ta daɗe tana kallon ƙwaryar, ta shafa zanen da yatsa. "Ɗan nan, da ita aka kai ni ɗaki," ta ce. Sannan ta yi 'yar dariya. "To, gara ta yi magana da ta zauna ba nono." Ta zauna ta saurara tare da mu. Kafin damina suka tashi suka yi kudu, ban nemi gafararta ba.

Yau jikokina suna jin duniya a waya, babu mai sassaƙa wa murya gida. Ni ma na tsufa da abin aro a hannuna. Mijin Inna Dije Buba ne, suna da 'ya mai suna Hajo, an ce wajen Gidan Amumune suka fito. Don Allah duk wanda ya san inda zuriyarsu take ya sanar da ni, ko da kabarinta ne a nuna mini.