Uwar Ango a Gindin Murhu

Autata ce ta kawo mana maganar gida. Ta gama karatu a Kazaure ta dawo Roni da wata sabuwar aƙida da ta tsinta a waya, a bakin wata mata mai koya wa mutane zaman duniya: wai rayuwar kowa fim ce, kuma kowa shi ne jarumin nasa fim ɗin. Wanda ya zauna a gefe yana gadin takalman mutane, shi ya so. Ina tankaɗe take yi mini wannan karatu, ni da na koyar da rabin garin nan, har da ita. Na tambaye ta, in kowa jarumi ne, wa zai kawo wa baƙi ruwa a fim ɗin? Ta ce ai irin wannan tunanin ne ya hana ni ci gaba.

Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini a rai, saboda bikin ɗan farina ya matso.

A gidanmu uwa ba ta nuna ɗan fari nata ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya yi kuka sai ta jira an ce ta ɗauke shi. Kakata Bafulatana ce, don haka tamu alkunyar har da ƙari. Ana yaye shi, yayar mahaifinsa ta zo daga Gwiwa ta goya shi ta tafi, ni kuwa ina zaune ina gyaran wake kamar akuyar maƙwabta aka zo ɗauka. An yaba mini ƙwarai a ranar. Kukan da na yi a bayan rumbu ba wanda ya gani, saboda haka bai ɓata mini suna ba.

A can ya girma. Goggon tasa yake kira Inna, ni kuwa Malama, yadda duk Roni ke kirana. In ya zo hutu ya durƙusa ya gaishe ni, sai in amsa ina kallon bango, in tambayi lafiyar mutanen Gwiwa ɗaya bayan ɗaya, har awaki, ban da tasa. A makaranta na kira sunayen 'ya'yan mutane har muryata ta dushe, amma duk yaron da ya ci sunansa sai ya koma "kai na bakin taga". Shi kansa a bakina "yaron Gwiwa" ne. Ina son yaron nan so mai ciwo, kuma bai taɓa ji daga gare ni ba.

To ga shi zai auri wata yarinya 'yar Babura, kuma da an watse zai ɗauke ta su tafi can Kudu inda ya sami aiki, inda sai da salla ake ganin mutum, in an gan shi. Ni kuma hawan jini ya fara ƙwanƙwasa mini ƙofa. Na ga in ban tsaya a matsayin uwarsa a wannan biki ba, sai dai a zaman makokina wani ya gaya masa ina sonsa.

Sai na kira auta na ce na karɓi aƙidar. Ta hau ba ni horo babu sassauci. Ta koya mini tafiya kai a sama, ta tsayar da ni gaban madubi in riƙa cewa ni ce jaruma. Madubin namu ya tsage a tsaye, don haka jarumai biyu nake gani, kowacce da rabin hanci. Ta ja ni kasuwar Kazaure muka yanko leshi mai walƙiya. Shirin shi ne, ranar wuni a Gwiwa, da mai sanarwa ya kira uwar ango, in miƙe in karɓi lasifika, in ambaci sunan ɗana in sa masa albarka a gaban kowa. Da Malam, maigidana, ya ga leshin, sai ya tambaya ko wani auren za a yi a gidan nan ba a gaya masa ba.

Ranar wuni an kafa rumfa a ƙofar gidan goggon, an jera kujerun roba, a gaba kuma an ajiye wata babbar kujera mai laushi ta uwar ango. Na sauko daga mota da tafiyar da aka koya mini. Goggon ta taro ni da murnarta ta gaskiya, ta rungume ni, ta ce ta gode Allah da na iso da wuri, don ba hannun da ta yarda da shi a kan miyar taron nan sai nawa. Da ma a ce muguwa ce, da abin ya zo mini da sauƙi. Amma matar nan ita ta yi jinyar ƙyandarsa, ita ta yi ta sintiri a kan karatunsa. Kujerar ba satarta ta yi ba. Na tattare leshina na zagaya bayan gida wajen tukwane.

Auta ta biyo ni tana huci, tana tuna mini ko ni wace ce. Na ce ta dakata, jaruma tana ɗanɗana gishiri.

Duk da haka, da na ji an kira uwar ango, na miƙe, wannan kam a shaida mini. Na taho har bakin rumfa, na manta da ludayi a hannuna. Goggon ta riga ta fito fili tana rawa tana share hawaye. Mai sanarwa, wani baƙo da aka ɗauko daga Kazaure, ya hango leshi da ludayi sun tsaya wuri ɗaya, ya taho ya kara mini lasifika a baki.

"Hajiya, ke wace ce a wajen ango?"

Duk waɗanda suka san amsar suka zuba mini ido. Bakina kuwa ya riga ya saba da aikinsa tun kafin a haifi auta da wayarta.

"Ni ce mai miya," na ce.

Aka tafa, aka yi guɗa, har liƙi aka yi mini. A bidiyon bikin nan ne kaɗai na fito, kuma an yaba miyar. Auta kuwa ta yi ta hararata har muka dawo Roni.

Da aka gama komai muka raka su tashar Kazaure da hantsi, ni da Malam da goggon da auta. Babu leshi a ranar, tsohon hijabina ne mai ƙanshin daddawa. Amarya ta riga ta shiga mota. Yaron Gwiwa ya bi kowa ya yi sallama, sannan ya durƙusa a gabana ya ce, Malama, za su tafi, a yi musu addu'a. Na kalli tayar mota na ce Allah ya kiyaye hanya, yadda ake gaya wa kowane direba. Ya tashi ya juya.

Ban tuna madubi ba, ban tuna matar cikin waya ba. Ƙeyarsa kawai na gani tana nisa, ita ce dai ƙeyar da na gani a bayan goggonsa ranar da nake gyaran wake. Sai na kira sunansa.

Ya waiwayo. Ya dubi goggonsa, ya dubi mahaifinsa, ya dubi ɗan kamasho, har mai ƙosai ya duba. Idonsa ya bi ta kaina ya wuce kamar turken wuta. Ba laifinsa ba ne, bai san yadda sunansa yake a muryata ba. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, kuma a nan ne na sami hanyar tsira, don da na yi shiru, da an ɗauka wani ne ke kiran wani a tasha. Na sake kira, da muryar aji, wadda ake ji har bakin titi.

Ya dawo a hankali, ya durƙusa a ƙasa da farar shaddarsa.

"Na'am, Umma," ya ce, yadda ƙannensa ke kirana.

Duk horon da na sha iyakarsa sunan, ba mu taɓa shirya abin da zai biyo baya ba. Na laluba cikina kaf, abin da na samo shi na ba shi.

"Ka riƙa cin abinci."

Ya ce to. Ni ban ɗago ba, shi bai ɗago ba, har direba ya gaji ya danna ham.

A hanyar komawa goggon ta ce ashe in malamai suka yi ritaya, kunyarsu ma ritaya take yi, tana faɗa tana matse mini hannu. Malam ya ba taga hankalinsa gaba ɗaya. Auta kuwa takaici ya ishe ta, wai wuri mafi kyau a fim ɗin ya wuce wayarta tana cikin jaka.

Sunan dai ba zan rubuta shi a nan ba, jarumtar tawa ba ta kai can ba. Amma yanzu duk ran da ya bugo waya daga Kudu, kafin ma gaisuwa sai ya ce, "Umma, na ci abinci." Ni kuma in ce madalla, sannan in tambayi lafiyarsa, tasa shi kaɗai.