Jiragen Yaƙi Biyu a Takardar Ƙosai

Ban ga jirgin yaƙi da idona ba sai da na girma. Amma a shekarata ta uku a kolejin Gidan Rumji na san jirage biyu kamar yadda na san awakin gidanmu, kuma a takardar ƙunshe ƙosai na san su.

Wata dattijuwa ce ke tuya a ƙofar lakol, wato makarantarmu, ƙarƙashin dogon yaro. Inna muke ce mata dukkanmu. Tsofaffin mujallun Faransanci ake kawo mata dami-dami daga Maraɗi, tana yagar shafi tana ƙunshe wa mai saye. Wata safiya na buɗe ƙunshina sai na ga hoton jirage biyu suna fuskantar juna. Ɗaya na Rasha ne, bakinsa a buɗe kamar bakin tulu, da wani tsini a tsakiya, fikafikansa masu kusurwa uku. Ɗayan na Amurka ne, siriri, mai dogon hanci. Rubutun ƙasa ya ce duka biyun ƙananan jirage ne marasa nauyi, aikinsu su tashi da sauri su tare jirgin abokin gaba kafin ya iso gari. Na cinye ƙosan a tsaye, na goge takardar da gefen rigata, na sa ta cikin littafi.

Kwana uku ina dawowa ina leƙen damin nata ba tare da na ce komai ba. A rana ta huɗu ta ɗago kai daga kasko.

"Kai ɗan nan, ƙosai kake saye ko takarda?"

Na sunkuyar da kai.

"To ka buɗe baki mana. Mi kake nema?"

Na nuna mata hoton. Ta riƙe shi nesa da ido ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Jirgi. To na ji." Daga ranar, duk shafin da ta ga jirgi a kai sai ta soke shi ƙarƙashin tabarmarta, nesa da mai. Ba ta iya karatu ba, da hoto take ganewa. Ta kuma sa mini suna mai jirgi.

Shekarar ce ƙasa ta buɗe baki. An yi babban taro a Yamai, jam'iyyu sun fito kamar ciyawar farkon damina, kowace rumfar shayi ta zama majalisa. Malamai su tafi yajin aiki, su dawo, ɗalibai su fita nasu. A ajinmu har sharar aji sai an kaɗa mata ƙuri'a. Kowa na magana in ban da ni. Rubutuna yana da kyau, ina ja layi da rula, ba na barin digon tawada. Amma in malami ya kira ni, sai harshena ya manne. Beben aji suke ce mini.

Da aka koma lakol bayan wani dogon yaji, malaminmu na Faransanci, wanda muke kira Mushe kamar kowane malami, ya ce lokaci ya ƙure, ba za a samu yin jarrabawa da yawa ba. Don haka kowa zai zaɓi abin da yake so, ya tsaya gaban aji ya yi bayani da baki, kuma makin wannan tsayuwar zai yi nauyi a sakamakon shekara. Ni kuwa na riga na maimaita aji sau ɗaya saboda ciwon da ya kwantar da ni. Wanda ya maimaita ya sake faɗuwa, kora ce. Mahaifina, manomi a wani ƙauye kusa da Cadakori, ya riga ya aiko cewa in an sallame ni in taho kafin shuka, akwai aiki. Ba da fushi ya faɗa ba. Wannan ne ma ya fi tsorata ni.

Na zaɓi jiragena biyu, don ban san wani abu kamar yadda na san su ba. Na raba shafin littafi gida biyu, na jera gudu, da saurin hawa sama, da iyakar tsayin da kowanne ke kaiwa. A duk layin nan na Rasha ne a gaba. Na ja layi biyu a ƙasa na rubuta cewa shi ya fi.

A gidan kawuna nake zaune, ƙanin mahaifiyata, dillalin shanu ne a kasuwar garin. Wata rana bayan la'asar yana gyaran igiya a zaure na ce zan karanta masa, in gwada muryata. Na yi layi biyu, na tsaya. Ya jira. Na fassara masa ƙarshen da Hausa cikin raɗa: na Rasha ya fi, don ya fi gudu.

"Wa zai saya?" in ji shi.

Na ce ba sayarwa ake ba, kwatantawa ce.

"Ɗan lakol ke nan. Gobe kasuwa, ka biyo ni."

Washegari ba karatu da safe, na bi shi kara, inda ake tsayar da shanu. Wani mutum daga wajen Tibiri yana neman san huɗa, an nuna masa biyu: wani jan bajimi mai tozo, da wani fari da bai kai shi girma ba. Idon mutumin yana kan jan. Kawu bai ko kalli shanun ba tukuna.

"Gonarka jigawa ce ko laka?"

"Jigawa."

"Rijiya nesa take?"

"Da ɗan tafiya."

"Harawa fa, ka tara?"

Mutumin ya sosa ƙeya. "Bana dai kara ne."

"Wa zai riƙe garma, kai ko yara?"

"Yara."

Sai a lokacin Kawu ya buɗe bakin kowane sa ya duba haƙora, ya ɗaga kofato, ya sa aka ja su suka yi tafiya yana kallon ƙafafun baya. Ya dafa jan ya ce, "Wanga ya fi ƙarfi, ba gardama. Amma ci gare shi, kuma ba ya jimirin ƙishirwa. In ka kai shi gidan da kara ne abinci, kafin ruwa ya sauka ka ƙirga haƙarƙarinsa. Ga fushi, yaranka ba su iya shi." Ya juya ga farin. "Wanga ba zai ba ka suna a gari ba, amma zai gama maka gona."

Mai jan ya ce, "Haba dillali, kai da Allah! Bajimina kake kashe wa kasuwa?"

"Naka na mai fadama ne, yana nan tafe. Ka yi haƙuri, kafin azahar ka gan shi."

A hanyar gida Kawu ya ce, "To jiragen naka, mi suke ci? In sun yi ciwo wa ke musu magani? Na nesa da rijiya ne ko na kusa?"

Duk wannan babu shi a littafina. Na koma na baje shafukana a tabarma na bi lambobinsu, sai na ga akwai giɓi. Duk wanda ke hannuna mai hoto ne. Shafukan da ke tsakani, masu rubutu zalla, babu su. Nan na gane abin da ya faru: Inna da hoto take zaɓa, wanda ba hoto ya tafi ƙunshi.

Saura kwana biyu. Na tsaya gaban kaskonta har masu saye suka ragu, sannan na tattara duk ƙarfina na yi mata magana mafi tsawo da na taɓa yi wa wani a garin. Na ce akwai shafi marar hoto da nake bukata, in ban samu ba ƙila a kore ni.

Ta ajiye matsami. "Marar hoto? Ashe wancan baƙin rubutun ma na jirgi ne? La ilaha! Ai na ƙunshe wa rabin garin nan." Ta janyo damin gaba ɗaya ta turo mini. "Zauna ka tona. In mai saye ya zo ya kawo kwano."

Haka aka yi. Mutum biyu suka tafi da ƙosai a tafin hannu suna mita, ta ce musu yau takarda tana karatu. Na bi damin shafi-shafi ban samu ba. Har na miƙe, sai ta ɗaga farantin da take tsame ƙosai, ta zaro takardar da ta shimfiɗa a ƙasansa don shan mai. Ta jiƙe sharkaf, har rubutun baya yana fitowa ta gaba. Na duba lambar, ita ce.

Na shanya ta a rana, na karanta ta kalma-kalma, ina ɗaga ta ina karkatawa don in raba rubutun gaba da na baya. Abin da Kawu ya tambaya duk yana ciki. Na Rasha yana hawa sama kamar an harba shi, amma tankinsa ƙarami ne, ba ya daɗewa a sama, kuma matuƙinsa ba ya ganin bayansa sosai. Inji ɗaya gare shi, in ya mutu shi ke nan. Sai dai yana da jure wa filin sauka marar kyau. Na Amurka bai kai shi gudu ba, amma ƙananan injuna biyu gare shi, in ɗaya ya tsaya ɗayan zai iya kawo mutum gida, kuma an ƙera shi don makanikai kaɗan su iya kula da shi. Na yage shafin da na ja wa layi biyu, na sake sabo.

Ranar tsayuwa na fita gaban allo da littafina. Na karanta kan magana. Daga nan komai ya tsaya. Ina ganin rubutun, bakina ya ƙi. Aka fara dariya daga baya. Mushe ya dubi agogonsa, ya buɗe littafin maki.

Akwai wani ɗan ajinmu da ke hawa tebur duk ranar da za a fita yaji, Sakatare muke ce masa. Ya miƙe ya ce, "Mushe, kada a ɓata wa jama'a lokaci. Bebe, faɗa mana kawai, wanne ya fi?"

Ban san lokacin da magana ta fito ba, kuma da Hausa ta fito, da muryar Kawu sak: "Wa zai saya?"

Aji ya fashe. Hausa haramun ce a cikin aji, na ɗauka na gama kashe kaina. Mushe ya buga tebur, ya ce, "Maimaita da Faransanci." Na maimaita. Ya ce, "To Sakatare, an tambaye ka."

Sakatare ya buga ƙirji. "Mu za mu saya. Ƙasarmu."

Na ce, ƙasar tana da faɗi ko ƙarama ce? Ya ce kowa ya san faɗinta. Na ce filayen sauka suna kusa da juna? Wata yarinya a gaba ta ce ina fa, daga nan zuwa Agadas kwana nawa ne a mota. Na ce makanikai fa, muna da su da yawa? Wani ya ce mai gyaran babur na tasha zai iya, aka sake dariya, amma wannan karon ba ni ake yi wa ba. Sai na ga ashe ba jawabi nake ba, tambaya nake ina ba da amsa, kuma wannan zan iya. Na zana jiragen biyu a allo. Na ce wanda ke tsaron gari ɗaya, abokin gabansa a kusa, yana bukatar mai saurin hawa, ko da ba zai daɗe ba. Wanda ke da hanya mai nisa da hannun gyara kaɗan, ya duba mai injuna biyu. Na faɗi aibin kowanne, ban ɓoye wa ko ɗaya ba. Ban tsaya ba har ƙarshe.

Sakatare ya ce dole a kaɗa ƙuri'a. Mushe ya ɗaga kafaɗa ya ce zamanin ke nan. Na Rasha ya ci da rinjaye, don yawancin 'yan ajin gudu suke so, kamar mutumin Tibiri da jan sa. Ni ban ɗaga hannu ba. Mushe ya tambaye ni dalili, na ce dillali ba ya saye. Bai yi dariya ba. Ya karɓi littafina ya juya shafukan, ya tsaya a kan takardar mai da na liƙa a bangon littafin, ya shinshina ta, ya dube ni, ya rubuta maki.

Makin ya isa. Da aka karanta sakamakon ƙarshen shekara sunana yana cikin masu wucewa, ba a sama ba, amma yana ciki. Na je ƙauye na yi noman damina, na dawo lakol da kaka.

Da na gaya wa Kawu yadda aka yi, abin da ya dame shi ɗaya ne. "Ka bari suka ɗauki mai cin nan? Ai da ka ja su gefe ɗaya-ɗaya." Sannan ya kama ni da hannu biyu ya girgiza, abin da bai taɓa yi ba.

Inna kuwa ta saurare ni tana juya ƙosai, ta ce, "To madalla, mai jirgi. Ashe kana da baki." Ta ƙara mini biyu a ƙunshi ta hana ni magana.

Na sha tunanin mutanen nan uku. Mushe yana da ikon ya rufe littafinsa a lokacin da na yi Hausa, bai rufe ba. Kawu bai san ko harafi ɗaya na abin da nake karantawa ba, amma shi ya gyara shi. Ita kuma Inna, har na bar Gidan Rumji, duk shafin jirgi da ta soke mini ƙarƙashin tabarma sai ta haɗa da na gabansa da na bayansa, masu baƙin rubutu. Wani lokaci tallan agogo ne, wani lokaci labarin wasan ƙwallo. Ban taɓa gaya mata ba. Ina karɓa da hannu biyu in yi godiya, in karanta su duka.