Kwalin da Na Sa Ƙarƙashin Ƙafar Tebur

Injin ban ruwa ɗaya, lambun albasa mai fangali tamanin, da bakin mutum tara da ke ci daga gare shi. Abin da Idi, wani saurayi manomi daga Tama, ya aza min kan teburin biliyar, wasan ƙwallo da sanda, ke nan, ni kuma na ɗauka.

Kafin nan ni ɗan kasuwa ne a Madawa, ina saida kayan moto, wato babur, ba wanda ya taɓa kama ni da ƙarya. Na sayi tsohon tebur na kafa a rumfa bayan shagona don matasa su zo, su sayi wani abu. Na koyi wasan da kyau. Na san a goga alli a kan sanda kafin kowane bugu, na san idan ka bugi farar ƙwallo ƙasa da tsakiyarta za ta dawo maka baya, na san baƙar ƙwallo ita ce ta ƙarshe, wanda ya jefa ta rami da wuri ya faɗi.

Wata rana ƙafar teburin ta nitse cikin ƙasa, na ninke kwali na cusa. Sai na lura ƙwallo na karkata zuwa ramin hagu. Maimakon in gyara, sai na ƙara kwalin. Da farko shayi muke sawa a wasa, sannan kuɗi. Nakan bar baƙo ya ci sau biyu, in yabe shi, in miƙa masa lanƙwasasshiyar sanda, in riƙe miƙaƙƙiya.

Idi ya zo da injin gidansu gyara, yana jiran makaniki. Ya ci ni sau biyu, kuɗin gyaran ya tafi a na uku.

Ya ce, "Yayana, a sake. In na koma hakanan, kawu ya kashe ni."

Na ce, "To mi za ka aza?"

Ya dubi injin. Kafin la'asar na saida shi ga wani mai mota.

Bayan kwana huɗu kawun nasa, Malam Hamidu, tsohon soja, ya iso rumfar. Bai yi faɗa ba. Ya sayi shayi, ya aje kofin cike a tsakiyar teburin, ya kira mutane. Shayin ya kwanta gefe guda har yana zuba.

Ya ce, "Ɗana, tebur naka gurgu na, ko kai ag gurgun?"

Aka yi dariya, wani ya duƙa ya jawo kwalin. Kunya ta rufe min ido, na juya gindin sanda na kai wa Malam Hamidu duka a fuska. Idonsa na dama bai sake gani ba. Jandarma suka tafi da ni, alƙali ya ba ni shekara uku a kaso.

Ranar da na fito ban je gida ba, Tama na nufa. Lambun ya bushe tun shekarar farko, an saida filin. Na durƙusa gaban Malam Hamidu ina kuka, na roƙe shi gafara.

Ya ce, "Na ido na yahe maka. Na Idi ba nawa ba na. Kunya ta kore shi arewa, har yau ko saƙo. Nemo shi ka roƙe shi."

Yanzu albasa nake saye ina saidawa. Duk direban da ya sauko daga Agadas sai na tare shi da tambaya, har sun fara kauce min. Na tuba ga Allah, amma haƙƙin mutum ba ya sauka sai mai shi ya sauke.

Matasa, wasan ba laifi ba ne. Kafin ku buga, ku gangara ƙwallo a hankali ku ga inda ta nufa, ku mirgina sanda kan tebur ku ga ko tana tsalle. In mai tebur ya faɗi sau biyu yana murmushi, ku aje sanda. Kada ku aza komai, balle abin da ba naku ba.

Abin da na samu, kwana huɗu ya yi a aljihuna. Abin da ya tafi: shagona, shekara uku, idon dattijo, da saurayin da ban san ko yana raye ya yafe min ba.