Na Dama Ke da Hanya

Shekara goma sha ɗaya na yi ina tuƙi a Yola kafin aure ya kawo ni Garwa ta Kamaru. Lasisina na jefa shi ƙasan akwati, tunda Alhaji, maigidana, shi ke jan motar ɗauko busasshen kifi daga Lagdo. Sai yanar ido ta fara cin ganinsa. Ƙannensa suka zauna suka ce a sayar da motar. Motar nan kuwa ita ce tuwonmu, ita ce kuma ƙafar Alhaji. Na ce ni zan ja.

Na kai lasisin a canza mini da na nan, wanda suke kira farmi. Aka juya shi gaba da baya, aka ce ya daɗe da mutuwa, sai na yi gwaji. Ni da na koya wa mata uku tuƙi. Na haɗiye.

Mai gwajin wani siririn Bafulatani ne mai tabarau, ba ya dariya. Muka shiga unguwar Rumde Ajiya lafiya lau, har wata mararraba da ba alama ko ɗaya. Wani mai babur ya leƙo daga lungu ta damana. Na danna masa oda na wuce abina.

"Madam, tsaya nan," in ji shi. "Na dama ke da hanya."

"Malam, ni ce a kan babbar hanya. Shi daga lungu ya fito."

"Ko daga rami ya fito."

Na faɗi. Na dawo gida raina a ɓace, amma mamaki ya fi haushin yawa. A garinmu wanda ya riga sa kai shi ke wucewa. Wane ne ya zauna ya ce lungu ya fi titi? Kwana uku ina zama a bakin kasuwa ina kallon mararraba kamar marar aikin yi, har tsohon mahaucin da muke sayen nama wurinsa ya tambaye ni ko lafiya. Na zayyana masa.

Ya ce, "Hajiya, in ana rabon shayi a zaure, ta ina ake farawa?"

"Ta dama."

"Ko na daman ba kowa ba ne?"

"Ko ba kowa ba ne."

"To," ya ce, ya ci gaba da sarar ƙashi.

Har yau ina so in san ko masu dokar sun taɓa zama a zaure. A gwaji na biyu dai na ci, maganar sayar da mota ta mutu.

Ranar tafiyarmu ta farko Lagdo, Alhaji ya kama ƙofar direba bisa sabo. Ya tsaya, ya sake ta, ya zagaya yana dafa jikin motar. A waccan mararrabar na taka birki, amalanken shanu ya fito ta ɓangarensa, ya gifta dab da hancin motar.

"Me kika tsaya yi?" ya ce. "Ai ba kowa."

A nan na san iyakar ganin da ya rage masa.

"Amalanke ne, Alhaji."

Ya bi ƙarar ƙafafun shanun da kunne har ta yi nisa. Sannan ya gyara zaman hularsa.

"To, direba, ja mu je."